Iyakar Gamba

A Tungar Rini, wani ƙauye gabas da Geceme, ba a faɗa a cikin gona. Ba wai mutanen garin sun fi na sauran Arewa haƙuri ba ne. Sun iya zagi, sun iya sanda, akwai ma gidajen da aka sani da gatari. Dalilin dai kabari ne. A al'adarsu, wanda ƙarfe ya kashe ba a shiga da gawarsa gari. Inda ransa ya fita nan ake gina masa rami, kuma daga ranar ƙasar da ya kwanta a ciki ta zama ta jininsa har abada, ko ta wace ce a da. Saboda haka in mutum biyu suka harzuƙa a bakin aiki, sai ka ji ɗaya ya yar da hauya ya ce, "Hito bisa hanya!" Su tsallake gamba, ciyawar nan da ake dasawa a jere a kan iyakar gonaki, su je su farfasa wa juna kai a kan turba, wadda ba ta kowa ba ce.

Gado ya san wannan kamar yadda ya san sunan uwarsa. Wadda ya yi wa sakaci ita ce ɗaya al'adar, ta dami.

Tun Gado yana saurayi wani baƙo, Maikano, ya sauka garin daga wajen Sukukutane da jaki ɗaya da mata ɗaya. Uban Gado ya ara masa gonar gawo, wadda ke gangaren fadama, ƙasa mai duhu da ba ta san ƙishirwa ba. Aro yana da sharaɗi. Mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, kuma kowace kaka zai ɗauko dami guda na hatsi, wato gero, a kansa, da rana tsaka, ya ratsa gari ya dire a ƙofar mai gona. Damin ba ya cika ko kusurwar rumbu. Magana ce da ake yi da hatsi a gaban jama'a, ma'anarta: gonar nan ba tawa ba ce.

Shekara ashirin da shida Maikano yana ɗauko shi, da fari ga uban Gado, daga baya ga Gado. Sai fara ta zo. Ta cinye Arewa shekara biyu a jere, a ta uku kuma ruwa ya ɗauke hatsi yana cikin fure. A kakar farko ta yunwar Maikano ya zo da wani abu da ya kira dami, zangarniya ƴan ƙalilan masu kama da jelar ɓera.

Gado mutum ne mai son a ga alherinsa, kuma babu alherin da ya kai irin wannan tsada. Ya ɗaga murya don na gindin tsamiya su ji.

"Mai da shi gida, Maikano, ɗiyanka su ci. Ni da kai sai mun yi magana da hatsi?"

Matarsa Ajuma ta yi magana daga bayan zana, ƙasa-ƙasa. "Mai gida, amshi abinka. In tausai kaka ji, in an jima ni kai musu biyu ta bayan gida."

"Ke dai ba ki san girma ba," in ji shi.

Haka aka yi kaka uku. Kafin ta huɗu Maikano ya mutu a kan tabarmarsa, aka kai shi maƙabartar gari kamar kowa. Ya bar ƴaƴa maza biyu. Mani, babban, ya ci gaba da noman gonar gawo. Inusa kuwa yana Dogon Dutsi, kwami ne, wato magatakarda, a biron kumandan mai mulkin yankin, yana rubuta wa Annasara takardu. A kaka ta huɗu an yi hatsi sosai. Gado ya zauna ƙofar gida yana jiran dami har aka gama ɗaurin rumbuna. Bai zo ba, shi kuma girman nan nasa bai bar shi ya aika tambaya ba.

Da ranin 1957 kamyo, babbar motar kaya, ya shigo Tungar Rini, cike da ƴan birni masu tutoci. Lokacin parti ne. Akwai parti biyu, dukansu a Dogon Dutsi suke kwana, shayi ɗaya suke sha, kuma a cikin manyansu da wuya a sami wanda zai bambance hatsi da maiwa tun suna ganye. Dukansu kuma sun gano cewa suna matuƙar ƙaunar manomi. Mutanen ƙauye sukan karɓi katin kowa, tunda kyauta ne kuma yana da daɗin ƙunshe taba, ranar zaɓe su jefa abin da mai gari ya ce.

Inusa ne ya hau bayan kamyo, da wandon kaki da takalmi mai igiya da alƙalami biyu a aljihu.

"Ƴan uwana talakawa! Zamanin duhu ya wuce, fini! Daga yau gona ta mai nomanta ce. Wanda guminsa ya zuba a ƙasa, shi ke da ƙasa!"

"Ɗan Maikano," in ji Gado daga cikin taro, "buɗe tahin hannunka mu ga gumin."

Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce hannun ya fi na amarya taushi. Inusa ya bari sai da dariyar ta lafa, sannan ya duƙo kaɗan cikin ladabi.

"Baba Gado, ina wuni? Hannuna ai ku kunka zaɓa mishi aiki. Ranar da Annasara ya ce kowane gari shi ba da yaro lakkwal shi yi boko, naku kunka ɓoye cikin rumbu, kunka miƙa ɗan baƙo. Ina kuka kunka ɗora ni bisa doki. To, ga ɗan baƙo ya dawo." Ya gyara tsayuwa. "Alor, Baba, tunda ga jama'a: shekara nawa rabon da gidanmu shi kawo maka dami?"

"Huɗu," in ji Gado, yana waiwayar mutane don su tuna. "Ni da bakina ni ce ma ubanka shi bari."

"Kun dai ji," in ji Inusa. Ya zaro alƙalami ɗaya daga cikin biyun.

Bayan sati uku sammaci ya zo. Gado ya yi tafiyar kwana uku a ƙasa zuwa Dogon Dutsi, ya tsaya gaban kumandan, wani saurayin Annasara mai jan wuya da ke fama da ƙuda. Aka ce ya faɗi hujjarsa. Ya fara daga kakansa da ya sare dajin da hannunsa, ya yanka wa doguwa, aljanar gawon, baƙar akuya kafin ta yarda a shuka. Ya bi ta kan ubansa, da jakin Maikano, da shekarun fara. Ya daɗe yana magana. Tafinta, wanda gida ɗaya suke haya da Inusa, ya juya wa kumandan duka wannan a cikin kalma biyar ko shida. Kumandan ya yi tambaya guda, ta dami. Aka amsa masa. Ya buga hatimi a kan takarda, ya nemi a shigo da na gaba.

Gado bai iya karatu ba, amma ya gane cewa gonarsa ce ke kwance a kan teburin nan. Ya kai hannu ya fizge takardar, ya cusa a baki, ya hau tauna.

Gardi uku, dogaran kumandan, suka kayar da shi. Ɗaya ya durƙusa masa a ƙirji, ɗaya ya sa gindin bindiga ya buɗe bakin, haƙora biyu suka fito tare da takardar. Aka ɗaure shi a turken tsakar gida aka zane shi da dorina har bayansa ya zama kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ya yi wata guda a kaso yana ɗaukar duwatsun hanyar mota. Inusa kuwa tun a ranar ya sake rubuta wata takardar. Takarda ba ta ƙarewa a biro.

Ruwan farko ya same shi a hanyar komawa gida. Ya iso da hantsi, gari fayau, kowa ya fita shuka. Ajuma kaɗai ya tarar. Ta dubi bakinsa, ta zagaya ta ɗaga rigar ta dubi bayansa, ba ta yi kuka ba. Ta ce ya zauna ta dafa ruwan bagaruwa.

"Mi anka yi gonar gawo?" ya tambaya.

"Zamna in wanke maka bayan."

"Mi anka yi?"

"Sun dasa icce," in ji ta. "Mangwaro. Kuma Inusa ya aiko da gardi guda da bindiga shina tsaro. Mai gida, jira Idi shi dawo daga Kumasi, damana ta kama, shina bisa hanya. Kai kaɗai ba ka iyawa."

Idi shi ne ɗansu, ya tafi cin rani. Gado ya ɗauki gatarin da ke jingine a gindin rumbu, ya ce ƙaya zai saro.

Ƙasa tana ƙamshin ruwa. Daga kan turba ya hango komai: turakun siminti huɗu masu farin fenti a kusurwoyin gonar, da ƴan itatuwan mangwaro goma sha biyu, kowanne da zoben ƙaya kewaye da shi. Mai aro ba ya dasa itace, don haka kowane ɗan ganye a wurin zagi ne da aka rubuta da harshen da Gado ya iya karantawa. Gardin ba ya nan, ya tafi rugar Fulani da ke bayan fadama neman nono. Mani kaɗai ne, ƙato mai sanyin hali, yana sara da sungumi yana jefa gujiya, wato gyaɗa, don Inusa ya ce hatsi abincin jahilci ne, gujiya ake awo a birni.

Gado ya tsallake gamba. Ya ture ƙayar farko da gatari, ya kama mangwaron ya tumɓuke, ya yar.

"Baba, barka da dawowa," in ji Mani. Shi ne ke ɗauko damin a kansa a shekarun da ubansa ya tsufa. "Don Allah, Baba, tahi gida. Ba ni ni rubuta takarda ba."

Gado ya tumɓuke na biyu, ya tumɓuke na uku.

"Baba, in Inusa ya zo ni za ya ci ma mutunci. Da tulu ni ka ɗebo musu ruwa daga hwadama tun rani."

Na huɗu. Na biyar. A na shida Mani ya riƙe masa hannu. Gado ya fizge, ya nuna turba da gatari.

"Hito bisa hanya!"

Mani ya dubi turbar. Ƙafarsa har ta ɗaga, don shi ma ɗan garin ne. Sai ya mayar da ita.

"Inusa ya ce kada in kuskura in hita in ka kira ni. Ya ce in ni hita, na yarda gonarka ce. Ba ni hita, Baba."

Gado ya juya masa baya, ya duƙa kan na bakwai. Mani ya ɗaga sungumi ya sauke masa ƙotar a gadon baya. Ba da dukan ƙarfinsa ya buga ba, so yake tsohon ya bari. Amma a kan miki ya buga, mikin dorina da bai gama haɗewa ba, ya tsage daga kafaɗa zuwa ƙugu. Gado bai ga komai ba sai fari. Ya juyo da gatarin da hannu biyu, kamar mai saran kirya.

Gatarin ya shiga tsakanin wuya da kafaɗa. Mani ya saki sungumi, ya zauna a ƙasa a hankali kamar wanda aka ce ya huta. Jini ya yi tsalle sau biyu, sannan ya koma malala, jiƙaƙƙiyar ƙasar tana shanye shi.

Gado ya tsaya yana haki. Ya dubi jinin, ya ɗaga kai ya dubi gawon da ke gefensu. A tsakiyar gonar suke. Abin da takarda da hatimi da dorina ba su gama yi ba, shi ya kusa gamawa da hannunsa. In ran Mani ya fita a nan, nan za a binne shi, kuma ko tsohuwar da ta fi kowa ƙin ƴan birni za ta ce gonar gidan Maikano ce.

Ya yar da gatarin. Ya durƙusa ya jawo hannuwan Mani bisa kafaɗunsa, ya goya shi. Ƙaton ya fi buhu biyu nauyi. Jininsa mai ɗumi yana gangarowa cikin mikin bayan Gado yana haɗuwa da nasa.

"Sannu, Baba," in ji Mani a kunnensa, muryar kamar ta mai barci. "Gida za ka kai ni?"

"Gida."

"Ka ce ma Zalihatu ta aza ruwa." Matarsa yake nufi.

"Ni ce mata."

Ƙafafunsa suna nutsewa a ramukan shuka. Taki ashirin. Taki arba'in. Gari yana yamma, Gado kuwa arewa ya nufa, inda gamba ta fi kusa. Mani ya ɗaga kai da ƙyar, ya ga rana a inda bai kamata ta kasance ba. Ya gane.

"A'a, Baba. A'a!"

Ya sa gwiwa ya doki Gado a ƙugu, suka zube tare, saura taki uku. Gado ya miƙe ya kama shi ta ƙafafu ya ja. Ya fitar da ƙafafun kan turba, ya fitar da ƙugu. Sai Mani ya damƙi gindin gamba da hannu biyu. Mutumin da bai taɓa son faɗa ba a rayuwarsa, yanzu ya sami abu guda da zai iya bar wa ƴaƴansa, ya riƙe shi da sauran ransa. Ƙirjinsa yana cikin gona, kuma a ƙirji rai yake.

Gado ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Gamba ba ta tumɓukuwa, shi ya sa ake iyaka da ita. Ya saki ƙafafun, ya zagayo, ya ɗora dunduniya a kan yatsun ya taka. Ya ji ƙashi ya ɓalle. Mani bai yi ihu ba, ba shi da iskar yi, kallonsa kawai yake. Gado ya kau da kai ya sake takawa, ya sake, ya duƙa ya ɓamɓare sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ja shi har tsakiyar turba.

Mani ya ja numfashi uku a kan hanyar da ba ta kowa ba. Na huɗu bai zo ba.

Gado ya miƙe tsaye a kansa, jini tun daga wuya har sawu. A haka gardin ya fito daga bayan sabara da ƙwaryar nono a hannu. Baƙo ne daga can yamma, bai san gamba ba, bai san dami ba. Ya saki ƙwaryar, ya sauke bindiga daga kafaɗa, ya harba.

Harsashin ya shiga ƙasan cibiya. Gado ya faɗi a gefen Mani, kansa kusa da karyayyun yatsun. Ya yi ƙoƙarin jan ciki, ƙafafun suka ƙi amsawa. Gamba tana nan taki huɗu daga fuskarsa, ɗigon ruwan jiya yana rataye a ganyenta.

Ajuma ta biyo shi tun daga gida da tukunyar ruwan bagaruwa a kai. Ta ajiye ta a gefen hanya da kyau, don kada ta fashe. Ta dubi gawar Mani, ta dubi sawun jan da ya fito daga gona, ta karanta komai.

"Ajuma," in ji Gado. "Gamba."

"Na gani."

Gardin yana ta ihu da harshensu, yana nuna ta da bindiga. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ƙaramar mace ce, ta haura hamsin. Ta sa hannu ƙarƙashin hammatar mijinta ta ja da baya. Ya yi ƙarar da aka ji har fadama. Ta tsallake gamba da shi, kaifin ciyawar yana yanka mata ƙwauri.

"Ya isa," in ji shi. "Mun shigo."

"Bai isa ba. Gobe su ce ƙahwarka guda tana waje."

Ta ci gaba da ja, tana bin layin jinin Mani zuwa inda ya faro. Gado ya dafe cikinsa da hannu biyu don abin da ke ciki kada ya zubo. Yana ganin sama tana wucewa, da gajimaren ruwa na biyu da ke haɗuwa a gabas.

"Da ka amshi damin," in ji ta, tana nishi.

"Na ji."

Ba ta tsaya duba shi ba sai da bayanta ya taɓa gawon. Ko a can ya cika ko a hanya, ita kaɗai ce a wurin, kuma ta ce a gindin gawo ne.

Ƙarar bindiga ta tara mutane daga gonaki, kowa da abin gina a hannunsa. Gardin ya dubi maza arba'in da sungumi, ya dubi bindigarsa, ya nemi wuri ya zauna. Kafin azahar an rufe Gado a gindin gawo. An rufe Mani a gefen turba, matarsa Zalihatu tana birgima a ƙasa tana roƙon a matsa da shi ko taki uku ne. Mutanen da suka sha fura a gidanta suka sunkuyar da kai suka ci gaba da gina a inda ya faɗi.

A rana ta uku kamyo ya zo da Inusa da gardi huɗu. Ya karanta takardar da Faransanci, ya sake karantawa da Hausa, ya ce a tone kabarin Gado a kai gawar maƙabarta.

"Takarda taka ce, bindiga taku ce," in ji mai gari. "Ku tona."

Aka nemi abin gina. A garin da kowane ɗaki yake da hauya uku, ba a sami ko ɗaya ba. Gardawan suka dubi tudun sabuwar ƙasar, suka dubi gawon, kowannensu ya tuna cewa shi ma a wani ƙauye aka haife shi. Babbansu ya ce ba a ba su odar tona kabari ba, sai an koma an tambayo.

Inusa ya taka shi kaɗai zuwa turbar arewa, ya tsaya kan tudun wansa. Wani ya dasa ƙaya a kai saboda kura. A cikin gonar Ajuma tana shuka. Ta tone gujiyar Mani ta tara a gefe don a kai wa Zalihatu, tana sara da sungumi, tana jefa hatsi, tana rufewa da dunduniya. In ta zo kan kabarin sai ta zagaye.

"Inna Ajuma," ya kira ta. "Takarda tana hannuna."

"Riƙe ta da kyau, ruwa na zuwa," in ji ta, ba ta ɗago ba. "In magana gare ka, shigo. Ba ni jin ka daga can."

Inusa ya yi lakkwal shekara tara, ya san duk wannan camfin ƙauye ne, ya sha faɗa a bayan kamyo. Gambar ko gwiwarsa ba ta kai ba. Ya dubi inda aka tattake ta, inda jini ya bushe a gindinta. Ya daɗe a tsaye a wurin da takalminsa mai igiya, har direba ya fara danna masa oda.

Ajuma ta kai ƙarshen layi, ta juya, ta kama wani.